Mazari Takwas a Mushairib

Ɗakin da aka sauke ni a unguwar Old Airport gadaje shida ne a cikinsa, wani bisa wani, nawa na sama daidai bakin na'urar sanyaya ɗaki. Ejan da ya shirya mini tafiyar cewa ya yi ɗaki ni kaɗai, har da teburin karatu. Ba zan ce da gangan ya yi mini ƙarya ba, domin mai yiwuwa shi ma haka aka gaya masa. Sai dai da na kira shi washegari lambarsa ba ta shiga ba, kuma ba ta ƙara shiga ba.

Digirina na biyu a fannin tarihi ne. Abin da na yi bincike a kai shi ne injinan kaɗi na farko da aka ƙera a arewacin Ingila a ƙarni na goma sha takwas, da yadda yadin da suka haifar ya biyo teku har ya iske masaƙanmu. Ina koyarwa a wata sakandare a Zariya aka ce mini wani kamfani mai shirya baje kolin kayan tarihi a Doha yana neman wanda ya san wannan fanni. Na ajiye aikina, aka ba wani gurbin tun ban bar gari ba. Yarjejeniyar da na sa wa hannu ta ce watanni shida na farko na gwaji ne. In na haye su, na zauna. In ban haye ba, katin zamana ya mutu, sai gida, inda ba abin da ke jirana.

Wanda ke kwana a ƙasan gadona wani ɗan Zongon Kumasi ne mai suna Baba Seidu, direban babbar motar kamfanin, ya ba hamsin baya. Ganin na kwana ina rawar sanyi, ya miƙo mini bargonsa na biyu da asuba, ya zuba mini shinkafa da wake a murfin kwano.

Ya ce, "Malam, ci. Wane aiki suka ce ka zo yi?"

Na ce, "Bincike."

"Bincike." Ya jinjina kai. "Ni ma manajan sufuri suka ce. To, ga ni ina manajan sitiyari."

Ma'ajiyar kamfanin tana can Sana'iyya, unguwar garejoji da rumbuna. Manajan, wani Balarabe mai fara'a da ake kira Ustaz Rami, ya kai ni lungu ya yaye tamfol. Injin kaɗi ne na katako mai mazari takwas, irin na farkon nan. Kafintocin kamfanin ne suka haɗa shi daga zanen da suka samo, kuma iya ganina sun yi ƙoƙari. Ya gaya mini da Turanci cewa za a buɗe baje koli a unguwar Mushairib a kan auduga da fatauci, za a girke injin a tsakiyar zaure, ni kuma in ɗaura gyauton aiki in riƙa kaɗi a gaban baƙi.

Na ce ina jin an samu rashin fahimta, domin ni bincike aka ce.

Ya ce, "Bincika yadda zai yi aiki. Ka san shi, ko ba ka san shi ba?"

Na san shi. Na san shekarun da ya fito, na san yadda masu kaɗin hannu suka fasa gidan maƙerinsa suka karairaya injinan don tsoron rasa abin yi. Na rubuta shafuka masu yawa a kansa. Amma ban taɓa ganinsa ido da ido ba sai ranar, balle in taɓa shi. Na ce masa na san shi gwargwado.

Aikin injin a takarda ba wuya. Akwai wasu katakai biyu da ke matse bakin audugar. Mai kaɗi yana jawo su baya da hannun hagu, audugar tana miƙewa, yana kuma juya wata babbar ƙafa kamar ta keke da hannun dama, mazarai takwas suna murɗe zaren lokaci guda. In zaren ya murɗu sai a tura katakan gaba a naɗe shi. Abin da tsohuwa ɗaya take yi da mazari ɗaya, shi ne mutum ɗaya zai yi sau takwas. Haka na sha bayyana wa ɗalibai a allo.

Da farko ma audugar ce babu. Ranar Juma'a Baba Seidu ya raka ni kasuwar Souq Waqif, muka bi lungun masu ɗinka matasai da katifu. Wani mai shago ya rantse mana cewa tasa auduga ce zalla, ya cika mana buhu. Na yi kusan mako biyu ina fama da ita, tana zamewa a hannuna kamar sabulu, ina ta ganin laifin kaina. Daga baya na tsinci kaɗan na kunna mata ashana a bayan ma'ajiya. Maimakon ta ci ta zama toka, sai ta narke ta dunƙule tana warin leda. Ni da so samu ne da na bar maganar, don ba na son hayaniya a ƙasar mutane. Baba Seidu ya saɓa buhun a kafaɗa ya ce in biyo shi. Ya tsaya a ƙofar shagon ya zazzage wa mutumin Larabcin da ban san yana da shi ba, rabinsa Hausa ne. Mai shagon bai karɓi kayansa ba. Amma wani tsoho a shagon gaba, wanda ya ji duk abin da aka yi, ya yafito mu ya ɗauko mana auduga ta gaskiya daga sama, ya ba mu shayi, ya ƙi tsayawa ciniki. Ban san sunansa ba, kuma da na koma nemansa daga baya na kasa gane lungun.

Injin ba ya karɓar auduga haka nan. Sai an shiɓe ta ta zama sutu, an ja ta siririya an ɗan murɗa, kafin a ɗora masa. Littattafan da na karanta sun ambaci wannan a layi ɗaya suka wuce. Na tuna Innata ta taɓa cewa a gidansu an yi kaɗi, sai na kira ta.

Bayan gaisuwa na ce, "Inna, wai in an shiɓe auduga, yaya ake yi da sutun kafin a ɗora a mazari?"

Ta ce, "Kai kuma ina ruwanka da sutu?"

"A cikin binciken ne."

"To ai ni ban kai ga koya ba. Goggo ce gwana, ni gurza kawai nake taya ta, in tara mata angurya. Wa yake kaɗi yanzu? Ka tambayi Larabawan mana, ba su da tsofaffi ne?"

Na ce zan tambaya. Ta tambaye ni ko ofishina yana da taga, na ce yana da babbar ƙofa. Ta ce an yi ruwan farko jiya, har zanen da ta shanya ya jiƙe. Bayan mun yi sallama na daɗe zaune a kan buhun audugar. A wurinmu kaɗi aikin mata ne, tsofaffi ma, kuma ban ga yadda zan gaya mata cewa abin da ɗanta ya tsallaka teku yake yi ke nan ba.

A ɗaki kuwa ba a ɓoye ba, tunda kullum da farin gashin auduga nake dawowa a gemu. Baba Seidu ya raɗa mini suna Hajiya Mai Kaɗi, sauran 'yan ɗakin, 'yan Nepal da 'yan Uganda, suka ɗauka ba tare da sun san ma'anarsa ba.

"Hajiya, yau zare nawa ka kashe?"

"Ina jin na ɗan samu ci gaba."

"Kullum kana ɗan samun ci gaba. Ran da ka iso, ka gaya mana."

Ci gaban dai kaɗan ne. Da burushin waya biyu na koyi shiɓa, da yatsu na koyi ja. Na kai ga in samu mazari uku ko huɗu su riƙe, sauran su tsinke. In na ɗaura wannan, wancan ya tafi. Na ɗauka hannuna ne bai faɗa ba, kuma har yanzu ina ganin akwai wannan a ciki.

Da zafi ya kankama aka kwashe mu zuwa zauren baje kolin a Mushairib. Kullum ina hawa jirgin ƙasa na cikin gari in sauka a babbar tashar, in bi inuwar gine-gine in shiga ta ƙofar ma'aikata. Zauren sanyi ƙarara, iskarsa a bushe, domin an aro tsofaffin yadudduka daga wurare daban-daban kuma masu su sun gindaya sharaɗin yadda iska za ta kasance. A nan injin ya ƙi gaba ɗaya. Audugar ta riƙa manne mini a hannun riga tana tashi tsaye, ko taku ɗaya ban ja ba sai in ji zaren yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya.

Ustaz Rami ya tsaya yana kallona wata rana, hannu a aljihu. Ya ce shugabar da ta ba su kwangilar za ta zo duba komai kafin buɗewa, kuma duk abin da bai yi aiki ba za a cire shi, tare da mai kula da shi. Ya ce amma akwai hanya mai sauƙi. A sayo farin zare a shago a ɗaura daga katakan zuwa mazarai, ni in riƙa juya ƙafa ina ja ina turawa. Daga bayan igiya ba wanda zai bambance.

Na ce zan yi tunani.

Ya ce, "Yi tunani, habibi. Zaren yana zuwa gobe."

A makon ne aka zo goge daɓen zauren, aka turo injin waje, bayan ginin, inda motoci ke sauke kaya. Watan Agusta ne. Wanda bai zauna Doha a wannan lokaci ba, zai yi wuya ya gane. Iskar tana tasowa daga teku a jiƙe, ka fito daga ɗaki tabaranka ya rufe da raɓa nan take, rigarka ta manne a bayanka kafin ka kai bakin titi. Kowa yana tsine wa wannan iska. Bayan la'asar ina zaune ina gadin injin, ba abin yi, sai na ɗora masa auduga don kawai in rage zaman banza. Na ja katakan baya ina juya ƙafa, ina jiran ƙarar tsinkewa. Na kai ƙarshe ban ji ba. Zare takwas a miƙe, suna ɗan rawa. Na naɗe na sake ja. A karo na uku ɗaya ya tsinke, na ɗaura, na ci gaba har aka kira magariba.

Na san dalili, ko in ce na san abin da ake cewa shi ne dalili. An daɗe ana rubuta cewa damshin iskar arewacin Ingila ne ya taimaki masu kaɗin can. A kundina na kawo wannan magana a ƙasan shafi, na ce wasu masana suna ganin an zuzuta ta, ni ma na fi karkata ga hakan. Ban ce yini ɗaya a bayan gini ya warware saɓanin masana ba. Abin da zan iya cewa shi ne a ciki ya ƙi, a waje ya yi, kuma na gwada kwana da kwanaki haka abin yake.

Na gaya wa Baba Seidu a mota muna komawa. Bai yi murna ba.

Ya ce, "To, sai me? A waje za su yi bikin?"

"A'a. Amma ai ya kamata su sani."

"Malam, ji nan. Mudir, manajanka, ya ce zaren shago, ka sa zaren shago. Ka juya abinka, yara su tafa, wata shida ya cika, khalas, shi ke nan. Bayan nan in kana so ka kaɗa musu rawani."

"In ta tambaye ni fa?"

"Ka yi dariya. Ni na daɗe a garin nan. Mai cewa 'amma' shi ke riga kowa hawa jirgi."

Na yarda da shi a motar. Ina ganin har safiyar ranar zuwan shugabar ma na yarda da shi, domin da hannuna na ɗaura zaren shagon.

Shugabar mace ce 'yar ƙasar, ana ce mata Doktora. Ta zagaya zauren a hankali, Ustaz Rami yana gefenta yana bayani. Da suka iso kaina na juya ƙafa na ja na tura kamar yadda muka shirya. Ta kalla na ɗan lokaci, sannan ta tsallako igiyar ta duƙa kusa da mazarai.

Ta ce da Turanci, "Wannan zaren, injin nan ne ya kaɗa shi?"

Na fara da cewa abin ya danganta. Na ce irin wannan injin yana iya kaɗa zare makamancin wannan, ko da yake ba daidai shi ba, kuma akwai sharuɗɗa. Ta bar ni na gama zagaye-zagayena ba ta katse ni ba, ta sake maimaita tambayar kamar yadda ta yi ta da farko. Na ce a'a. Na ce a nan ciki ba ya yi, amma a bayan ginin yana yi.

Ustaz Rami ya duba silin.

Ta ce a fitar da shi. Ma'aikata huɗu suka tura injin waje, ta biyo mu cikin baƙar abayarta ta tsaya a zafin nan, mutanenta suna fifita da takardu. A ja na farko zare biyu suka tsinke. Na biyu ya tafi lafiya, na uku ma haka. Ta karɓi zaren ta ja shi tsakanin yatsunta, ya rabu ba wuya. Na gaya mata haka na asalin ma yake, zarensa sako-sako ne, irin wanda mu muke kira abawa, na gicciye a saƙa. Bai isa ya yi zaren tsaye ba, shi ya sa aka ƙera wani injin mai aiki da ƙarfin ruwa bayansa. Ta sa na maimaita mata kalmar abawa. Wannan ne karo na farko tun zuwana da wani ya tambaye ni abin da na karanta, kuma ina tsammanin na yi magana fiye da yadda ya kamata.

Ta ce ba za a iya ƙara damshi a zauren ba saboda yaduddukan aro, kuma ba za ta yarda a nuna wa mutane zaren shago ba. Ba ni aka tambaya ba. Amma ni ne na tsoma baki. Na ce ko za a ɗauki bidiyon aikin a nan waje, a sa allo kusa da injin, ta yadda in zare ya tsinke mini a ciki sai in nuna wa baƙi yadda yake in ya yi daidai. Ta ce shawara ce mai kyau.

An zo ɗaukar bidiyon da safe. Aka ce in cire agogo, in naɗe hannun riga. Fuskata ba ta shiga ba, hannuwa kawai suke so. Mun yi ta maimaitawa har rana ta ɗaga, mai ɗaukar yana goge gilashin na'urarsa saboda raɓa.

Bayan 'yan kwanaki Ustaz Rami ya kira ni ofis. Ban ga fushi a fuskarsa ba, har ya sa aka kawo mini shayin madara da suke kira karak. Ya ce bidiyon ya yi kyau ƙwarai, Doktora ta ce ya wadatar. Za a kewaye injin da igiya, kada kowa ya taɓa, allo zai yi sauran aikin. Saboda haka babu gurbin mai kaɗi, kuma tunda ina cikin watannin gwaji, ga wa'adina.

Na ce ai na ɗauka ni da allon za mu yi aikin tare.

Ya ce, "Allo ba ya buƙatar ɗaki da tikiti. Kai ka kawo shawarar, ya ustaz. Ni na so ka zauna."

Ina ganin gaskiya ya faɗa.

Na yi amfani da wa'adin wajen neman wani aikin. Wasu ɗaliban Najeriya da na sani a masallaci sun tura takarduna nan da can, Baba Seidu ya kai ni wurin wani ɗan garinsu mai gadi a wata makaranta ko suna neman malami. An ce a jira sabuwar shekarar karatu, ni kuma katina ba zai kai ba. Duk tsawon kwanakin nan Baba Seidu bai ce mini ai ya gaya mini ba. Ya dai daina kirana Hajiya, abin da ya fi damuna fiye da tsokanar.

Ana jibi zan tashi muka je baje kolin ni da shi, wannan karon ta ƙofar gaba. Injin yana tsakiyar zaure an haska shi da fitila, da zarena na gaskiya a kan mazarai. A allo hannuwa biyu baƙaƙe suna ja suna juyawa, su kai ƙarshe, su sake farawa. Wasu iyali suna tsaye suna kallo.

Baba Seidu ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce a hankali, "Malam, hannunka ya samu aiki. Kai ne dai ba su ɗauka ba."

A ƙasan allon an rubuta da Larabci da Turanci cewa hannuwan wani mai kaɗin gargajiya ne daga Afirka ta Yamma. Na ga kuskure kusan uku a wannan layi. Injin na Ingila ne, a wurinmu maza ba sa kaɗi, ni kuma a Sana'iyya na koya. Na ga ya dace a gyara, don kada ɗalibai su kwafa. Na nufi teburin karɓar baƙi, inda wata budurwa ma'aikaciya take zaune, sabuwa ce, ba ta san ni ba. Na nuna mata allon, ina shirya yadda zan fara.

Ta riga ni. Ta ce, "Kowa wannan yake tsayawa kallo. Wai wani tsoho ne, tun yana yaro yake yi. Ka ga yadda ya ƙware?"

Na sake duban allon. Na ce mata eh, da alama ya ɗan ƙware, ko da yake ina jin yana saurin juya ƙafar.